Ranar da Na Zuba wa Rijiyarmu Jabel

Ranar wata Alhamis na taso daga aiki a Adjamé da takarda ɗaya a jaka da kwalba biyu na jabel, ruwan nan mai ƙarfin wari da ake kashe mikrob, wato ƙwayoyin cuta, da shi. Aikina gwajin ruwa ne a wani ƙaramin labo, wato ɗakin gwaje-gwaje. Takardar kuwa sakamakon ruwan rijiyar gidanmu ce, kuma ta nuna ruwan cike yake da ƙwayoyin cuta.

Gidanmu yana unguwar Biafra, a Treichville. Iyali tara ne a tsakar gida ɗaya. Kakana ne ya haƙa rijiyar shekarar da ya zo daga Ƙonni da fataucin albasa. Da famfo ya shigo aka rufe ta da fallen kwano aka manta da ita. A shekarar da abin ya faru ruwa ya yi ta ɗaukewa a layinmu, wani lokaci kwana huɗu a jere, sai aka sake buɗe ta. Ba wanda ya tuna cewa a tsakanin nan an haƙa sabon masai taku bakwai daga bakinta. Ƙasarmu kuwa yashi ce, abin da ya shiga wannan rami ba ya daɗewa yake isa wancan.

Yara biyar suka kwanta da gudawa. 'Yata Yasmin, mai shekara uku, ta fi kowa jin jiki. Sau biyu tana samun sauƙi tana komawa, domin kofinta da kwanonta da hannun da ke ba ta abinci duk da ruwan nan ake wanke su. Likita ya ce mini jikinta ba zai ɗauki na uku ba.

Na bi ɗaki ɗaki na gaya wa kowa zan zuba wa rijiyar jabel, kada a ja ruwa sai gobe da hantsi. Na zo wucewa ta gaban kakata, Iya Tsahara, tana zaune a tabarma da carbinta.

"Haulatu, kin gaya wa kowa?"

"Kowa, Iya. Har Tanti ta ɗakin ƙarshe."

"Na bisa ke nan. Na ƙasa fa?"

Na san abin da take nufi. A gidanmu, kafin a yashe rijiya ko a zuba mata wani abu, babba yakan leƙa ya yi sallama, ya ce nan da kwana uku za mu yi aiki, mai ɗa ya ɗauke ɗansa. Haka kakana ya yi har ya rasu.

"Iya, mikrob ba su jin sallama fa."

"Ke da farar rigarki ta labo. Mi za ki rasa? Kwana uku ne."

"Yasmin ba ta da kwana uku."

Ta dube ni, ta koma ga carbinta. Ni kuwa a lokacin haushinta na ji, ba zan ɓoye ba.

An kira magariba, maza suka fita masallaci, mata suka shige ɗaka. Rijiyar tana wani lungu bayan kicin. Ina jin hon ɗin motoci daga babban titi, da ƙaurin kifin da ake soyawa a maƙwabta. Na janye kwanon. Sanyi ya taso da warin laka. Rijiyar ba ta da zurfi, gaba uku ce, har ina ganin fuskata a ƙasa.

Na juye kwalbar farko. Warin ya bugi idona. Na juye ta biyu. Sannan na naɗe igiyar guga a wuyan hannuna, na saka gugan ina ɗagawa ina saki don maganin ya gauraya.

Sai na lura ba na jin motocin.

Ba rediyo, ba kukan yaro, ba ƙarar man suya. Numfashina kawai nake ji.

Daga cikin rijiyar aka yi tari.

Tarin ƙaramin yaro ne, irin na wanda ya shaƙe. Ya yi, ya sake yi, ya ja numfashi da ƙyar. Sai wata murya ta fara rarrashi a hankali, yadda nake yi wa Yasmin.

Na ce wa kaina daga bayan katanga ne. Na kunna fitilar wayata na haska ƙasa.

Ga fuskata a kan ruwan. A gefenta ga wata fuska, ita kuma ba inuwa ba ce, daga ƙarƙashi take kallona. Mace ce. Tana rungume da wani abu a ƙirjinta, ƙananan ƙafafu suna shure-shure.

Wayar ta suɓuce. Ban ji faɗuwarta ba.

"Shekara shida kuna turo mana ƙazanta," muryar ta ce, kamar a cikin kunnena. "Mun yi haƙuri."

Muryar ta ci gaba.

"Da kin yi magana, da na ɗauke ta."

Igiyar ta miƙe. Ta ja ni har cikina ya bugi bakin rijiyar. Na dafa siminti da ɗaya hannun, farcena yana karcewa. Tarin yana raguwa. Yana raguwa.

Ya tsaya.

Shirun da ya biyo baya ya fi tarin muni.

"Ina taki?" muryar ta ce.

A bayana na ji taku. Ƙananan ƙafafu, ba takalmi, a kan jiƙaƙƙen siminti.

Na waiga. Yasmin ce. Yarinyar da kwana biyu ba ta iya zama sai an jingina ta, ga ta tana tafe tsaye, idonta a rufe, hannuwanta a miƙe kamar mai neman a ɗauke ta. Ba wurina take zuwa ba.

Na miƙa ƙafa na tare ta. Ta ture ni da ƙarfin da ba nata ba. Ta ɗora gwiwa ɗaya a bakin rijiyar.

Na saki simintin na cafko rigarta. Igiyar ta ƙara ja. Ƙafafuna suka bar ƙasa.

"Salamu alaikum, maƙwabta."

Iya ce, ta iso tana dafa bango.

"Ku yi haƙuri. Ɗiya ce, haihuwar nan ce, ba ta san komi ba."

Igiyar ba ta saki ba. Ruwan yana tasowa, ina jin sanyinsa a goshina. Na gane ƙaryar Iya ba za ta cece mu ba.

"Na sani," na ce da ƙyar. "An gaya mini. Ni na ƙi. Ki bar ta, ba ita ba ce."

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba.

Igiyar ta warware da kanta ta zame ƙasa. Na faɗi ta baya, Yasmin a kaina, tana kuka tana kiran Maman. Hon ɗin motoci ya dawo gaba ɗaya.

A makon nan mazan gidan suka cike masai ɗin, aka haƙa wani can gefen ƙofa. Bayan wata biyu na sake gwada ruwan, sau uku ina maimaitawa, bai nuna komai ba. Yaran duk sun tashi. Iya ba ta taɓa tayar da zancen ba har ta koma ga Allah bara.

Yasmin ta warke sarai, yanzu shekararta biyar, ba ta tuna ranar. Sai dai ba ta shan ruwa daga hannuna. Babanta ya ba ta, ta sha. Maƙwabta su ba ta, ta sha. Ni in na miƙa mata kofi, ko na kwalbar kanti ne da na buɗe a gabanta, sai ta leƙa ciki ta mayar da hannuwanta baya. Wannan abu yana cin raina fiye da yadda zan iya faɗa.

Sau ɗaya na durƙusa na tambaye ta dalili.

"Yarinyar nan ta ce kada in sha naki."

"Wace yarinya?"

"Wadda ke kwance a ciki, Maman. Ba ta motsi."

Na ajiye kofin a ƙasa, na kira babanta ya zo ya ba ta.