Ƙyallen Rigarsa

"Farke shi."

Halimatusa'adiya, wadda ake kira Sa'a, ta ɗago kai daga ɗinkinta. Sabuwar reza ce aka jefa a kan tabarma, dab da ƙafarta. Wadda ta jefa tana tsaye a tsakar gidan, ko takalmi ba ta cire ba: Inno, yayar mahaifin saurayinta Umar Faruk, wadda ta rene shi tun yana goye. A bayanta Rabi ce, 'yar ƙanwar Inno, tana fifita da gefen mayafi.

"Sannu da zuwa, Inno. Ga tabarma. Bari in kawo ruwa..."

"Ban taso daga Kalgo cikin wagga rana don in sha ruwan Gwandu ba. Ina uwarki?"

"Ta tafi suna a Maruda."

"To ke ma kin isa. Farke shi, in ga abin da kinka sa ciki."

Sa'a ta dubi bargon da ke shimfiɗe a cinyarta. Tun farkon bazara take kansa. A makaranta ta koya, wajen wata ƙawarta 'yar Zuru: a yanka ƙyallaye murabba'i, a haɗa, a sa shafi a tsakiya, a bi da allura layi-layi. Biyu ta gama, na Ummanta da na ƙanwarta. Wannan ne na ƙarshe, na gadonta, wanda take so ya shiga kayan ɗakinta. Babu wuta, iskar dalbejiyar gidan kamar daga bakin murhu take fitowa, ƙurajen zafi sun feso mata a wuya. Gefe ɗaya ya rage mata ta rufe.

"Me na yi, Inno?"

Rabi ta matso, ta miƙa wayarta. Hoton bargon ne, wanda Sa'a ta ɗora a intanet jiya don ƙawayenta su gani. An zagaye wani ƙyalle da jan layi.

"Wannan shaddar," in ji Rabi, murya a sanyaye. "Ta Yaya Faruk ce. Rigarsa ta ƙaramar salla. Ni dai na ce wa Inno ƙila kuskure ne."

Sa'a ta san Rabi. Duk wanda ya san Umar Faruk ya san Rabi, don kullum tana nan kusa, da kwanon abinci a hannu.

Ta nemo ƙyallen. Ruwan toka, mai zanen ganye. Lallai irin rigarsa ce.

"Ɗiyar mutane ba ta yanka tufan namiji ta ɓoye cikin shimfiɗarta don Allah da Annabi," Inno ta ce. "Mun san inda ake kai irin wanga aiki. Yaron nan ya daina cin tuwona. In na yi magana, Sa'a. In ya yi atishawa, Sa'a. Kuma wa ke ɗinkin bargo da bazara? Mutane na neman inda za su tuɓe, ke kina haɗa abin rufa!"

"Da sanyi ake rufa, Inno. Da zafi ake ɗinki."

"Ji bakinta! To ki ji. Jibi baffanninsa za su zo sa rana. In ban ga cikin abin nan da idona ba, babu mai tako gidan ga."

Sa'a ta soke allurar a jikin bargon. Ba kuka ne ya zo mata ba. Haushi ne tsagwaronsa.

"Wa ya kawo ku?"

"Shina zaure," in ji Inno. "Ba ruwansa. Bai san abin da anka yi mai ba."

"A kira shi."

Umar Faruk ya shigo yana sunkuyar da kai, hula a hannu, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Malamin lissafi ne, mai iya tsawata wa aji guda, amma a gaban Inno ko tari ba ya yi.

"Sa'ata..."

"Kada ka Sa'ata ni. Dubi nan. Rigarka ce?"

Ya duba.

"Kamar ita ce."

"Kamar?"

"Ita ce."

"Na taɓa zuwa ɗakinka? Na taɓa riƙe maka riga?"

"A'a."

Ta juya wajen Inno. "Buhun ƙyallaye na saya a shagon Bashir tela, nan bakin kasuwar Kalgo. Abin da ya share daga ƙasa ya zuba mini. Ban san na wa da wa ba ne."

"Kowa ma haka zai ce," Rabi ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Sa'a ta miƙe, ta yarfa bargon ya baje a kan tabarma. Ta bi shi da ido, ta ɗora yatsa a kan wata atamfa mai ruwan goro.

"Rabi, wannan ba ita kika sa ranar walimar Nasiru ba?"

Rabi ta kau da kai.

"Ga ta nan har wuri uku. Ke ma na mallake ki? Ga yadin 'yan makarantar Islamiyya. Ga na masu gadin jami'a. Idan asiri ne, ai na gama da rabin Kalgo!"

Umar Faruk ya yi wani sauti kamar dariya, ya mayar da shi tari.

Inno ba ta yi dariya ba. "Na waje na gani. Na ciki fa? Laya ba ta zama a fili."

Sa'a ta sunkuya ta ɗauki rezar. Ta miƙa wa Inno da hannu biyu.

"Ni ba zan iya ba. Yatsuna sun huje a kansa. Ki farka da kanki, duk inda zuciyarki ta ba ki."

Inno ta karɓa, ta durƙusa. Kai tsaye ta nufi ƙyallen ruwan tokar. Rezar sabuwa ce, hannun kuma na tsohuwa: ta zarce, ta tsarge shaddar da ƙyallen da ke gefenta. Sa'a ta runtse ido.

Inno ta zura yatsu. Ta laluba dama, ta laluba hagu. Ta janyo shafin waje.

Tsohon zane ne, ya koɗe, ya yi laushi don wanki.

"Na Umma ne," in ji Sa'a. "Da shi ta goya ni."

Wata kaza ta ratsa ta gefen randa, baki buɗe don zafi.

"Inno..." Umar Faruk ya murza hularsa. "Ni ne."

"Kai ne mi?"

"Ni na ce wa Bashir ya sa ragowar shaddata a buhun. Da ta ce mini na gadonta ne... na so a ce ina ciki."

Sa'a ta juyo a hankali.

"Kai ka sa?"

"Sahibata, na ɗauka za ki ji daɗi in kin gane..."

"Tun daga Kalgo ka tuƙo su. Kana ji ana kirana mai bin bokaye. Kana zaune a zaure!"

"Kunya na ji."

"Kunya! Ni ake farke wa aiki, kai kake jin kunya?"

"Rabin raina, ki yi haƙuri..."

"Rabin ranka ya gaji. Koma zaure."

Ya dubi Inno. Inno ta nuna masa ƙofa da rezar. "Ka ji abin da ta ce. Sakarai. Ke kuma Rabi, tafi mota ki jira ni. Ni da ke sai mun koma gida."

Suka fita. Inno ta zauna sosai a kan tabarmar, ta cire takalmi. Ta daɗe tana kallon ramin da ta yi.

"Akwai sauran ƙyalle?"

"Buhun ya ƙare."

Sa'a ta tsuguna tana tattara zare, ba ta dube ta ba. Sai ta ji ƙarar yagewar yadi.

Inno ce. Ta kama gefen zanen da ke jikinta, shuɗi mai kyau na fita unguwa, ta tsaga da rezar, ta yage faɗin tafin hannu biyu.

"Inno! Sabo ne fa!"

"Na san sabo ne, ni na saye shi." Ta ɗora ƙyallen a kan ramin, ta daidaita. "Ga nawa. In mallakewa ce, ki haɗa da ni. Ba ni allura."

Sa'a ta miƙa mata. Inno ta kai zaren bakin allura, ta kuskure. Ta sake, ta kuskure. Sa'a ta karɓa ta zura mata.

"Nashi fa?" Inno ta ɗaga tsargaggiyar shaddar. "A yar?"

Sa'a ta kalli ƙyallen. Ta kalli ƙofar zaure, inda take hango gefen hularsa yana leƙe.

"A mayar," ta ce. "Amma ta wajen ƙafa."

Inno ta kwashe da dariya har allurar ta faɗi.

"Ɗiyata, jibi ki ce wa uwarki ta dama fura da yawa. Yanzu kawo ruwan nan na Gwandu. Zafin garinku ba na mutane ba ne."