Katin Maiwa

Saude na tsakar gida tana tankaɗe lokacin da Baffa Baballe ya dawo daga Kibiya, ko babur bai gama jinginewa ba ya faɗa zaure wurin yayansa Malam Gwadabe, mahaifin Saude. Shi aka tura binciken Jabiru, malamin firamaren da ke neman aurenta. Baffa kuwa mutum ne da idan ya ga hayaƙi sai ya rantse gari ya ƙone. Daga inda take ta ji komai. Wai ya tarar da yaron a gindin darbejiya, samari sun kewaye shi, kowa da kati a hannu.

"Ɗan karta ne, Yaya! Da idona na gani."

Malam Gwadabe bai ja zancen ba. Ya ce ranar Juma'a a mayar wa mutanen Kibiya kayansu, shi ba ya haɗa jini da ɗan caca.

Rariyar ta suɓuce daga hannun Saude. Ta san katin nan sarai. Jabiru ne ya yanka kwali ya zana su da hannunsa saboda ɗalibansa. Wasa ne na mutanen da aka kulle a rumbu, kowa da alamar da ke hannunsa, sai sun haɗa kai sun gano lambar kwaɗo kafin su fita. Har ita ya kawo wa ƙunshi guda, ta adana a ƙasan akwati ba ta taɓa bugawa ba. To amma wace 'ya ce za ta tari mahaifinta ta ce Baffa bai fahimta ba? Ta shige ɗakin kakarta, Iya Luba, ta kifa kai a cinyarta ta yi kuka mai isarta, don tana son Jabiru har cikin ranta.

Da tsohuwar ta gama jin bayani sai ta ce a ɗauko katin ta gani. Ranar Laraba bayan la'asar ta sa aka shimfiɗa tabarma a tsakiyar gida, daidai inda mai shigowa ba zai kauce musu ba. Ita da Saude da ƙanwarta Rahma suka zauna. Sun warware alamu biyu lafiya, ta uku ta cije. Katuna uku ne, gero da gyaɗa da maiwa, kowane da lambarsa, aka ce a jera su yadda ake girbinsu, lambar da ta fito ita ce ta katin da za a buɗe. Suka jera, suka duba, babu kati mai wannan lambar.

A haka Malam ya same su. Fuskarsa ta haɗe kamar hadarin gabas, amma ba dama, uwarsa ce riƙe da kati. Ya tambaya a daƙile wa ya cinye wa.

"Ba mai cin wani, Baba," in ji Rahma. "Wasan na haɗin kai ne — ko mu fita tare, ko mu kwana a rumbu tare."

Iya Luba ta ce tunda shi ne manomi, ya zo ya fitar da uwarsa. Ya tsuguna ba don ya so ba, ya ga jerin nasu daidai ne. Da aka rasa mafita Saude ta juya katin amsa. Ashe Jabiru, tashin birnin Kano, ya sa maiwa kafin gyaɗa, a zatonsa tare da gero ake yankanta.

Malam ya manta da fushin caca, wani sabo ya taso masa. Abin da ake koya wa 'ya'yan manoma ke nan? Maiwar da sai an kwashe gyaɗa tas take nuna? Ya ce a kira masa yaron gobe.

Saude ta ga ta kanta. Da laifi ɗaya ne, yanzu ya zama biyu.

Washegari da hantsi Jabiru ya zo ya durƙusa a zaure, ita kuma ta rakuɓe a bayan ƙofa. Malam ya ajiye katunan uku a gabansa ya yi masa faɗa sosai. Ta jira ta ji ya kare kansa, sai ta ji muryarsa a sanyaye.

"Na yi kuskure, Baba, kuma na koyar da shi. Ranar Litinin zan tsaya a gaban aji in faɗa musu. In ba damuwa, a duba mini sauran, kada in sake ɓatar da yaran mutane."

Can ta ji Malam ya ce miƙo. Har aka kira azahar suna ciki, yana ta gyara, yana tsaki, daga baya ma har da dariya. Da Baffa Baballe ya leƙo yana tambayar ƙarfe nawa za a kai kayan gobe, Malam ya ce ya bar su inda suke.

"Na zauna da 'yan caca a kasuwa, ban taɓa ganin wanda ya ce shi ne da laifi ba. Wanda zai iya faɗin haka a gaban yara, zai iya faɗa wa matarsa."

Saude ta koma ɗakin Iya da gudu, hawaye da dariya a haɗe. Tsohuwar ta share mata fuska da gefen mayafi tana tsokanarta, wai angon nata sai an kai shi gona an nuna masa maiwa kafin biki.

Bayan an yanke maiwar bana aka ɗaura auren a garinsu Rano. Haƙurin Saude bai faɗi ƙasa banza ba. Shi ya sa ake so a bincika kafin a yanke hukunci, domin ba duk mai kati a hannu ne ɗan caca ba. Mai neman miji kuma kada ta tsaya jiran wanda ba ya kuskure, ta nemi wanda idan ya yi zai amsa.