Murjani da Ruwan Randa

A wani gari mai nisa da teku, an yi wani mutum da ya kawo wa 'yarsa murjani mai rai, wata halittar cikin teku, ja wur. Ya sa shi cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri, ya ce, "Uwata, baƙo ne. Kada ki taɓa ruwansa, ki bar shi ya saba."

Gari ya waye murjani yana a tsuke. Yarinya ta ce, "Baba, bai buɗe ba." Ya ce, "Ki dai jira." Gari ya sake wayewa, ta ce, "Baba, bai buɗe ba." Ya ce, "Ki dai jira."

Da uban ya fita, sai ta ɗanɗana ruwan, ta yamutsa fuska. Ta ce, "A wane gida ake tarbar baƙo da ruwan gishiri?" Ta kwashe ruwan sarai, ta cika akwatin da ruwan randa mai sanyi.

Washegari murjani ya yi fari fat kamar ƙashi.

Tana kuka ta ce, "Baba, bari in mayar masa da gishirinsa."

Uban ya daɗe yana duban akwatin, sa'an nan ya ce, "Uwata, wa za ki mayar wa?"