Amshin da Ba a Goge Ba

Auta na tsugune a tsakar gida tana ɗauraye kwanuka sai ga Abba ya faɗo ko sallama babu, rungume da wata tsohuwar rediyo, wayoyinta duk a waje. Shekara talatin yana gyaran rediyo, bai taɓa kawo aiki gida ba.

Ya dire ta gabanta ya murɗa. Muryar Tsawa, saurayinta, ta tashi tana zubo baiti, sai amshi ya shigo da wata siririyar muryar mace.

"Muryar wa ce wannan?"

Kwano ya suɓuce daga hannun Auta.

"Rediyo shida na gyara yau! Kowacce ta farfaɗo, da muryar 'yata take fara magana!"

Tsawa mawaƙin rap ne, shekara biyu yana neman Auta. Da ƙyar da siɗin goshi Umma ta shawo kan Abba ya amince, shi ma da sharaɗi ɗaya tak: waƙa sana'ar yaron ce, amma kada muryar 'yarsa ta shiga ciki. Tsawa ya ɗauki alkawari.

"Wallahi Abba gwaji ne!" Auta ta fashe da kuka. "Ranar da Yaya ya raka ni situdiyo, mai amshin ba ta zo ba. Furodusa ya ce in rera a auna kiɗa, daga baya a goge..."

"To an goge? Maganar aure ta mutu, kar in sake jin ta!"

Umma ta buɗe baki, kallo ɗaya ya yi mata ta ja bakinta.

Auta ta shige ɗaki ta kira Tsawa.

"Ka san muryata ce aka saki?"

"Furodusa ne ya bar ta, wai ta fi daɗi. Na gane tun ranar farko... da na ga waƙar tana hawa, sai na kasa magana. Sori, Auta."

"Ni ba ni za ka ba haƙuri ba. Ubana ka yi wa alkawari." Ta kashe wayar.

A situdiyo kuwa, da Tsawa ya ce a sauke waƙar, furodusa kamar ya ari baki.

"Kana da hankali kuwa? Sati uku kana lamba ɗaya a jadawalin waƙoƙi! Shekara bakwai kana jiran wannan rana! In ka sauke ta, duk sauraron da aka yi ya tashi a banza, daga sifili za a faro!"

"Sauke ta. Kunna makirufo, ni zan yi amshin."

"Da wannan muryar taka ta tsohon janareto?"

"Da ita."

Haka aka yi. Masoya suka yi masa caa, wasu har da zagi. Shi ko kullum da safe sai ya je shagon Abba ya durƙusa ya gaishe shi, Abba ko ɗago kai ba ya yi. Auta ta rame, amma ko sau ɗaya ba ta saɓa wa mahaifinta ta fita ganinsa ba. Kai, sun sha wuya, abin tausayi!

Ranar da aka cika wata biyu, Tsawa na durƙushe, Abba ya haɗa wata waya, rediyon hannunsa ta farfaɗo. Mai gabatarwa ya ce, "A lamba ta sha tara, Tsawa!" Abba ya kai hannu zai kashe, sai ya fasa. Amshi ya zo da wata murya mai kaushi, tana ta fama.

"Daga ɗaya zuwa sha tara?" in ji Abba.

"Eh, Abba. Ni na saɓa alkawari, ni ya kamata in faɗo."

Abba ya bar waƙar har ta ƙare, sannan ya ajiye sukundireba.

"Amshin nan bai da daɗi ko kaɗan," ya ce, idonsa ya ciko. "Ka turo magabatanka."

Da labari ya iso gida, Auta ta rungume Umma tana kuka tana dariya. Tsawa ya sake hawa lamba ɗaya bayan shekara guda, matarsa Auta na gefe tana yi masa tsiyar muryar. Wanda ya ɓata alkawari, baki kawai ba ya gyara shi. Sai ya sadaukar da abin da ya rufe masa ido, ya kuma yi haƙuri har zuciyar iyaye ta sauko.