Jawabi a Gaban Suruki

"Wallahi ba zan iya ba..."

Auta ta kashe majigin ta zube a kujera. Ɗakin taron babu kowa sai ita da saurayinta, wanda ya biyo ya ɗauke ta daga aiki.

"Haba, Autata. Gadar nan ke kika zana ta. Bayani kawai za ki yi."

"A gaban babanka!"

Nan ne matsalar take. Gobe kwamitin kamfanin zai zaɓi zanen gadar da za a gina, kuma shugaban kwamitin shi ne mahaifinsa. Tsohon bai taɓa cewa ba ya son ta ba. Abin da ya faɗa wa ɗansa kawai shi ne, "Yarinyar da ko gaisuwarta ba a ji, me za ta ce maka ran da ka kauce hanya?" Tun daga nan maganar aure ta tsaya cak.

Mai horar da ma'aikata ya koya musu dokokin jawabi: a buɗe da barkwanci, a riƙa zagaye gaban allo, a kafa wa shugaba ido. Da alama bawan Allahn bai taɓa yin suruki ba.

Abokiyar aikinta, wadda ake kira Rediyo saboda baki, ta leƙo.

"Ƙawata, kawo na gabatar miki. Ni da Baba ai mun saba."

Ta aika wa saurayin murmushin da ya fi ƙarfin gaisuwa. Auta ta rungume takardunta.

"Na gode, barshi."

Da Rediyo ta fita saurayin ya matso.

"Zubar da dokokin nan. Ki yi kamar ranar da kika yi min bayanin gadar a mota, har na wuce kwanar gidanku."

"Ai kai ba na jin kunyarka."

"Na lura, ranki ya daɗe."

Washegari ba ta yi barkwanci ba, ba ta zagaya ba. Ta tsaya gefen allo, idonta da yatsanta a kan zanen, tana magana a hankali, tana numfasawa bayan kowace gaɓa. Injiniyoyi suka ajiye wayoyinsu.

Tsohon ya katse ta.

"A cire ginshiƙin tsakiya, aiki ya yi sauri."

Kanta a ƙasa ta ce, "A'a, Baba."

"Me kika ce?"

"Na ce a'a. In aka cire shi ruwa zai ci gindin gadar, kuma mutane ne za su bi ta kai. Ba zan sa hannu ba."

Tsohon ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ci gaba, 'yata."

Da yamma ta samu saurayin jingine da mota yana ta washe baki.

"An ɗauki zanenki. Kuma Baba ya kira kawunnaina, su shirya zuwa gidanku."

Ta rufe fuska da gyale.

"Kar ka min wasa..."

"Wallahi! To shi kin ba shi a'a, zuciyata. Ni fa, me zan samu?"

Ta buɗe ƙofar motar ta shige, tana danne dariya.

"Kwantar da hankalinka. Kai ma taka tana nan tafe."