Tauraro Mai Rangaji da Dutsen Niƙa

A wata ruga kusa da Doguwa, akwai wani yaro ɗan aji shida. Yana da kaifin ƙwaƙwalwa, amma akwai shi da gaggawa.

Wata rana da kaka, a shekarar 1995, malamin kimiyya, Malam Labaran, ya shigo aji da murnarsa.

"Yara, na ji labari a rediyo," in ji shi. "Masana sun gano wata ƙatuwar duniya tana zagaya wani tauraro mai nisan gaske. Tauraron irin ranarmu ne. Ita kuwa duniyar ta ninka tamu girma sau da yawa."

Yaron ya ɗaga hannu. "Malam, da ido suka gan ta?"

"A'a. Tauraron suka ga yana ɗan rangaji. Nauyinta ne ke jan sa."

Malam ya fita da su filin ƙwallo. Ya ɗaura ƙwallon tsumma a igiya, ya yi ta juya ta sama da kansa.

"Ni ne tauraron, ƙwallon nan ita ce duniyar. Da tana da nauyi, da kun ga ina rangaji. Wanda zai gwada, ya gwada a fili, kuma da tsumma kawai. Kun ji ko?"

"Mun ji, Malam!"

Da yaron ya koma gida, ya gwada da tsumma. Ko gezau bai yi ba.

"Wannan ai wasa ne," in ji shi. "Malam ya ce ƙatuwa ce."

Sai idonsa ya kai kan ɗan dutsen niƙan Inna, mahaifiyarsa. Ya ɗauko, ya ɗaure shi da tsohuwar igiyar maruƙa wadda damina ta cinye. Bai je fili ba. A tsakar gida ya tsaya, ya kira ƙanwarsa Luba.

"Luba, zo ki ga abin mamaki!"

"Yaya, Inna fa za ta yi faɗa."

"Ke dai tsaya can ki kalla."

Ya fara juyi. Dutsen ya ja shi nan, ya ja shi can.

"Kin gani? Ina rangaji! Na zama tauraro!"

Ɗas! Igiya ta tsinke. Dutsen ya tashi ya sami Luba a gefen kai. Ta faɗi, ko kuka ba ta yi ba. Jini ya jiƙa mata kitso.

Inna ta saki ƙwaryar nono, ta zo a guje tana salati. Baffa, mahaifinsu, ya baro shanu ya sheƙo. Ya ɗaga Luba, jikinta ya saki.

"Faɗuwa ta yi?" ya tambaya.

Yaron ya ce, "A'a, Baffa. Ni ne."

Baffa ya kau da kai daga gare shi. Da duka ne ma, da ya fi masa sauƙi. Aka kira maƙwabcinsu Uba mai babur, Inna ta hau riƙe da Luba, suka bi hanyar daji zuwa asibiti.

Kwanaki suka wuce, Luba ba ta farka ba. Gida ya yi tsit. Yaron ya kasa cin abinci, ya daina zuwa makaranta. In ya fita kiwo, yara su yi ta nuna shi. "Ga tauraro! Ku kauce, kar ya fasa muku kai!"

Ran nan Malam Labaran ya zo rugar a kan kekensa. Ya same shi zaune a gindin ɗorawa.

"Ban ce da tsumma ba?"

"Malam, tsumman bai ja ni ba," in ji yaron, yana hawaye. "Luba za ta mutu?"

"Rai na hannun Allah. Mu yi ta addu'a." Malam ya zauna kusa da shi. "Son sani ba laifi ba ne. Amma masanan nan shekaru suka yi suna haƙuri, kuma ba su ji wa kowa ciwo ba. Da ka dawo ka tambaye ni, da mun nemi dabara tare."

Ranar Juma'a da hantsi, aka ji ƙarar babur. Yaron ya fito da gudu. Ga Luba a jikin Inna, kanta a naɗe, idonta a buɗe.

"Luba, ki yafe mini."

"Na yafe. Amma Inna ta ce kai za ka riƙa goya ni har in warke."

"Har Kano ma zan kai ki!"

Inna ta yi dariya tana share hawaye. Baffa ya dafa kan yaron.

"Allah ya rufa mana asiri," in ji shi. "Ka ci gaba da karatunka. Amma in malami ya koya maka abu, ka riƙe gargaɗinsa kamar yadda ka riƙe darasinsa."