Ɗaki Mai Gado Ɗaya

Ranar gasa tattasai ce a gidan Mama Ruža da ke garin Leskovac. Buhu shida ta sayo, ta zaunar da Tijana a gaban baho tun safe tana ɓare fatar gasasshen tattasai har yatsunta suka yi jawur. Ba a ɗaura aure ba tukuna, amma tuni tsohuwar ta mai da ita baiwa. Tijana ba ta damu ba. Marainiya ce da kakarta ta raina, tana mutuwar son Vukan, autan gidan, makaniken motoci, kuma yau da albishir a jakarta.

Shekara uku da gama digirinta na Turanci, takardar neman aiki sittin da ɗaya ta aika ƙasashen waje. Amsar ba ta sauyawa: Turancinki ba laifi, amma wanda aka haifa a cikinsa muke so. Sai wata makarantar yara a Vietnam ta kalli bidiyonta ta ce ta zo.

Vukan na shigowa ta goge hannu ta zaro takardar. "Sun ɗauke ni! In na yi wata shida sai ka biyo ni, mu yi aure!"

Ruža ta saki muciya a cikin tukunya. "Ya bi ki ina? Ɗan nawa?"

Biljana, yayar Vukan, wadda ke karɓar baƙi a wani otal kuma take jin duk garin babu mai Turancinta, ta fizge takardar. Ta bi ta da ido, ta tsaya a kan wata kalma, ta yi wani murmushi marar kyau.

"Mama, kin san me surukarki ta gaya musu? Ga shi baƙi a kan fari: single. Wato ba ta da kowa! Ba miji, ba saurayi. Ƙanena, an share ka tun kafin a hau jirgi!"

"Yaya Biljana, ki ji tsoron Allah! Ɗaki ake nufi, ɗakin mutum ɗaya! Ki buɗe shafi na biyu, sunansa—"

"Au, za ki koya wa 'yata Turanci?" in ji Ruža.

Vukan bai iya ko gaisuwar Turanci ba. Ya rubuta kalmar ita kaɗai a waya, wayar kuwa ta ba shi amsar da yayarsa ke so: marar aure. Kafin Tijana ta sake buɗe baki, Biljana ta cusa takardar a murhu.

Ruža ta damƙi hannun yarinyar ta zare zoben baiko. Man tattasai ya sa bai ma yi gardama ba. "Fita min daga gida, 'yar tsintuwa! Ki je ki sayar da kanki a inda ba a san asalinki ba!"

"Vukan, dube ni. Ka taɓa kama ni da ƙarya?"

Ya dubi uwarsa, ya dubi ƙasa. "Ki tafi kawai, Tijana."

Wannan ya fi zagin tsohuwar ciwo. Ta tafi tana kuka, hannun ma ba a bar ta ta wanke ba. Kafin mako ya zagayo Ruža ta zaga kasuwa da labarin, har mai burodi ya daina amsa gaisuwar kakarta. Kakar ta ce, "Kada ki rama, jikata. Je ki yi aikinki."

Ta je. Zafi ya gasa ta, abinci ya ƙi cikinta, wasu iyayen yara suka yi ƙorafi cewa ba Ba'amurkiya aka kawo musu ba. Ta daure. Kafin shekara ta raba, ajinta ake rububi. Samari sun yi tayi, ta ce zuciyarta ba ta warke ba, kuma gaskiya ta faɗa.

Wata rana a lokacin sanyi, kamar yadda ta ji daga baya, Vukan ya kai wa yayarsa makullin mota a otal. Ya tarar da ita da wani dattijo Bature, zoben aure ɓaro-ɓaro a yatsansa. "Single?" in ji Biljana, ta miƙa wa dattijon makullin ɗaki.

"Yaya, me kika tambaye shi?"

"Ɗaki mai gado ɗaya mana, sakarai," ta ce, idonta na kan kwamfuta. Sai ta ɗago. Fuskarta ta gaya masa sauran: kalmar da take faɗa sau ashirin a rana ce.

Saƙonsa ya iso wa Tijana cike da ban haƙuri. Ta yi kuka ta gode Allah, amma ba ta yi gaggawa ba. Hoton shafi na biyu ta aika masa daga kwafin takardar da ke wayarta, da layi ɗaya: "Ranar da ka iya karanta wannan da kanka, ba waya, ba yaya, ka kira ni."

Wata takwas ƙaton makanike ya yi a ajin koyon Turanci tare da 'yan sakandare suna masa dariya. Ranar da ya kira, da ƙyar yake haɗa kalmomin shafin yana karanta mata: za ta zauna a ɗakin mutum ɗaya har wanda za ta aura, Vukan, ya iso.

"Sunana na ciki tun farko," ya ce.

"Tun farko. Yanzu ka zo."

A can aka ɗaura auren. Da lokacin kaka ya zagayo Ruža ta sake sayo buhu shida, ta rasa mai ɓarewa, don Biljana ta ce farcenta ba na wannan aikin ba ne. Rabi ya ruɓe a tsakar gida.

'Yan'uwa, haƙuri ya biya Tijana, amma ku duba abin da Vukan ya kusa rasawa. Kada ka yanke wa masoyinka hukunci da bakin wani, ko da jininka ne, kafin ka karanta shafi na biyu da idonka.